Ƙwayar gadon da kakanni ba su da ita, a ina jika ya samo ta?

Ɗalibar Aji Huɗu: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Don Allah taimako nake nema. An ba ni batun da zan gabatar a gaban aji mako mai zuwa, a kan ƙwayoyin gadon da ake samu a zuri'ar wani kifi shi kaɗai, a duba sauran halittu kaf a rasa irinsu. Na yi karatu har kaina ya ɗau zafi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, an koya mana ƙwayar gado daga iyaye ake samunta, iyaye kuma daga kakanni. To wadda kakanni ba su da ita, a ina jika ya samo ta?

Mai Tafkin Kware: Wa alaikis salam. Mu a unguwarmu in yaro ya zo da kamannin da babu su a dangi, tsofaffi ake tarawa, ba malaman jami'a ba.

Maman Husna: Kai Alhaji, yarinya na cikin damuwa kai kana barkwanci. Dakta, kana kusa?

Daktan Kifi: Ina nan Hajiya, fitowata daga aji ke nan. 'Yata, bari in fara miki da labarin da ya fi kowanne fitowa fili, ko da yake na ƙanƙara ne, mu kuwa a Sakkwato ba mu san ƙanƙara ba sai a buhun masu sayar da ita da azumi.

Ruwan teku, saboda gishirinsa, ba ya daskarewa sai sanyi ya kai wajen digiri 1.9 ƙasa da sifili. Jinin kifi bai kai teku gishiri ba, don haka ya kamata ya riga ruwan daskarewa. Amma ga kifaye nan suna harkokinsu a tekun Antaktika lafiya lau. A 1969 wani Ba'amurke, Arthur DeVries, ya bayyana cewa akwai wani furotin, wato irin sinadarin da ƙwayar gado ke sa jiki ya haɗa, a jininsu da ke manne wa ƙananan tsakuwoyin ƙanƙara ya hana su girma. Sai a 1997 shi da Christina Cheng da wani abokin aikinsu a Jami'ar Ilinois suka gano asalin ƙwayar gadon da ke haɗa wannan furotin. Ashe daga ƙwayar gadon wani sinadarin narka abinci a hanji ta samo asali, wanda ake kira tirifsinojin. Kanta da wutsiyarta na tsohuwar ƙwayar ne, tsakiyar ta zube, sai wani ɗan guntu mai haruffa 9, cikin haruffan sinadari da ake rubuta gado da su, ya yi ta maimaita kansa a gurbin. Kin ga tela ya ɗauki tsohuwar babbar riga ya fitar da hula a cikinta. Hular sabuwa ce, yadin tsoho ne.

Ɗalibar Aji Huɗu: Ke nan Malam babu wadda take sabuwa fil? Duk gyaran tsohuwa ne?

Daktan Kifi: Haka manya suka ɗauka shekaru da yawa. Susumu Ohno a 1970 ya kafa hujja cewa sabuwar ƙwayar gado daga kwafin tsohuwa take fitowa: ɗaya ta ci gaba da aikin gida, ɗayar ta samu sararin canzawa. François Jacob, Bafaranshen da ya ci kyautar Nobel, ya ƙara a 1977 cewa furotin mai aiki ya taso haka nan daga babu, kusan abu ne da ba zai yiwu ba.

To kifi ne ya zo ya rage wa wannan magana ƙarfi. A can ɗaya ƙarshen duniya, tekun arewa, akwai dangin kifin kod. Kun san shi, shi ne busasshen kifin Norway ɗin nan mai taurin itace da 'yan'uwanmu Ibo ke kira okporoko. Su ma suna da furotin ɗin hana daskarewa, kuma kusan kamarsa ɗaya da na Antaktika. Kowa ya zaci gado ɗaya ne. Da aka bincika, babu ko ɗigon tirifsinojin a nasu. Binciken da ya fito a 2018 daga Oslo da na 2019 daga Ilinois sun nuna ƙwayar gadonsu daga wani fegin DNA (sinadarin da gado ke rubuce a kansa) da ba ya haɗa furotin ko kaɗan ta taso. Kundin gadon halitta ba duka ne rubutu mai ma'ana ba, akwai filaye masu faɗi da ba sa haɗa komai. A irin wannan fili ne wani guntu ya yi ta maimaituwa, daga baya ya samu alamar farawa, ya samu abin da ke kunna shi, ya samu tambarin da ke fitar da furotin zuwa cikin jini. Wannan ita ce sabuwa fil ɗin da kike tambaya.

Baba Liman: Dakta, Allah shi gafarta maka. Ina ta karantawa, sai ji nike ta taso, ta hito, ta samu. Wa yat tashe ta? Kada ku sa ɗiyanmu su aza abu na yin kanai.

Daktan Kifi: Allah shi ƙara girma, Baba. Ba mu saɓa ba. Manomi ya san ruwa da taki ne ke fid da gero, wannan bai hana shi cewa Allah ya ba shi amfanin gona ba. Mu sababi muke bi, mu ga ta wace hanya abin ya bi.

Baba Liman: To madalla. Ina nan ina saurare.

Injiniya Mabera: Dakta, ni ba kifi na karanta ba, kwamfuta ce sana'ata, amma a ba ni dama in ja da wani abu. Yadda ake gano waɗannan ƙwayoyin da ake kira marayu ai da manhaja ne. A ɗauki jerin haruffan ƙwayar gado a zuba a BLAST, manhajar da ke nan tun 1990, ta duba ma'ajiyar bayanai ko akwai mai kama da ita. In ba ta samu ba sai a ce marainiya ce. To ni a wurina wannan ba hujja ba ce. In na je tsohuwar kasuwa neman ɗan'uwana ban gan shi ba, ba shi ne ya nuna ba ni da ɗan'uwa ba. Ko bai shigo kasuwa ba, ko kuma ya canza kama har na wuce shi.

Daktan Kifi: Ka taɓo inda ke ciwo, Injiniya. Akwai aikin da Caroline Weisman da Andrew Murray da Sean Eddy na Jami'ar Harvard suka fitar a 2020, a kan yis da ƙudaje. Sun nuna cewa da yawa daga cikin ƙwayoyin da ake cewa na zuri'a ɗaya ne, yana yiwuwa suna da dangi, sai dai gajeru ne kuma suna saurin canzawa, har manhaja ta kasa gane dangin. Ƙari a kan haka, nau'in kifi a duniya ya haura 30,000, waɗanda aka karanta kundin gadonsu sosai kuwa kaɗan ne a ciki. Yau marainiya, gobe a karanta kundin wani kifi a ga kawunta.

Injiniya Mabera: To me ya sa zan yarda da labarin kod?

Daktan Kifi: Saboda su ba da rashin gani suka kafa hujja ba. Sun je daidai wannan gurbi a kundin dangin kod da ba su da furotin ɗin, suka tarar da fegin yana nan, maƙwabtansa na dama da na hagu su ne dai, amma shi ba ya haɗa komai. Sun ga gidan, sun kuma ga kangon filin da aka gina shi a kai. 'Yata, ki rubuta wannan da babban baƙi a takardarki, don duk malamin da ya san aikinsa a nan zai tsare ki.

Injiniya Mabera: Na karɓi wannan ɗaya. Sauran ɗaruruwan da ake lissafowa a kowane sabon kundi kuwa ina nan a kan bakana.

Daktan Kifi: Ni ma rabina yana wajenka.

Abu Mai 'Ya'yan Kifi: Salam jama'a, akwai 'ya'yan tarwaɗa masu lafiya, 'yan sati shida, farashi mai sauƙi, mai so ya yi magana ta bayan fage.

Mai Kula da Zaure: Malam Abu, ranar talla Juma'a ce. A kiyaye don Allah.

Ɗan Sarkawa: Ni dai Dakta kun tahi Antaktika kun bar mu Kwalkwalawa. Mu kihin da munka sani shi na mamaki. Ga gaiwa. Ruwa na janyewa ga hwadama ta shige laka, ta naɗe kanta cikin yauƙi, ta kwana nan rani duka. Muna yara mun sha haƙo ta da kalme, ƙasa ta bushe ƙarau, ita ko tana da rai. Wagga mi ta ad da shi da sauran kihi ba su da?

Daktan Kifi: Yauwa ɗan Sarkin Ruwa, ka dawo da mu gida. Gaiwa huhu gare ta na sosai, iska take shaƙa. In ta shiga laka takan bar 'yar kafa ta numfashi, ta rage aikin jiki ƙwarai, dattin jikinta kuma maimakon amoniya mai guba da kifi ke zubarwa a ruwa, sai ta mai da shi yuriya ta adana har ruwa ya dawo. I, yuriya dai irin ta taki.

Masu bincike a Chaina sun fitar da kundin gadonta a 2021, kuma irin tamu ce ta Afirka ta Yamma. Haruffa wajen biliyan 40. Na ɗan Adam biliyan 3 ne da 'yan kai. Ka ga ta ninka mu fiye da sau goma. Sai ka kwatanta da talibambam, wanda ke kumbura in an taɓa shi. Ɗan'uwansa na tekun Japan, fugu, an karanta nasa tun 2002, haruffa wajen miliyan 400 kacal. Gaiwa ta ninka shi kusan sau ɗari.

Mai Tafkin Kware: To ashe gaiwa ta fi mu ilimi.

Daktan Kifi: A'a Alhaji, yawan takarda ne ba yawan karatu ba. Adadin ƙwayoyin gado masu haɗa furotin a gaiwa da fugu da mutum bai yi nisa da juna ba, duk wajen dubu ashirin ne ko sama kaɗan. Abin da ya kumbura kundin gaiwa wasu guntaye ne masu kwafar kansu suna liƙawa ko'ina. Don haka ɗan Sarkawa, ba zan ce maka ga ƙwaya ɗaya tilo da ta sa gaiwa ke kwana a laka ba. Kayan haɗa yuriya, misali, mu ma muna da su a hanta. Sau da yawa bambancin yana wajen yaushe ake kunna ƙwayar, a wane sashen jiki, da wane ƙarfi.

Ɗan Sarkawa: To minjirya hwa? Ta taɓa buga ni cikin homa shekarar da munka tahi Argungu, sai da nis saki gora. Kada ka ce mani ita ma kayan kowa ta ara.

Daktan Kifi: Sannu, ai ba ta da wasa, babba tana iya sakin wuta sama da bolt 300. Amma haƙuri za ka yi, gaɓar da ke ba da wutar daga tsoka ta samo asali. Kuma kifaye sun samu wannan baiwa a zuri'o'i daban-daban aƙalla sau shida, ba gado ɗaya ba ne.

Wanda aka fi fahimta shi ne na masu ƙaramar wuta, irin dangin yauni. Da yauni ne Hans Lissmann na Jami'ar Kambirij ya nuna a 1951 cewa akwai kifin da ke sakin 'yar wuta ba fasawa, daga baya aka tabbatar da ita yake lalube a cikin ruwa mai duhu. Ga inda ya haɗu da batun 'yata. Fiye da shekara miliyan 300 da suka wuce, kundin gadon kakan mafi yawan kifayen yau ya ninka kansa gaba ɗaya, kowace ƙwaya ta zama biyu. Yawancin kwafin sun lalace sun ɓace, wasu suka tsira. Cikin waɗanda suka tsira akwai ta wata ƙofar sodiyam, wato kafar da wannan sinadari na gishiri ke bi ya shiga tsoka, ya sa ta motsi. Harold Zakon na Jami'ar Texas da abokan aikinsa sun nuna a 2006 cewa a kifayen wuta na Afirka da na Kudancin Amurka, ɗaya kwafin ta bar tsoka ta koma aiki a gaɓar wuta. Nahiya biyu, ba su haɗa hanya ba, amma kwafi ɗaya suka ɗauka.

Baba Liman: Shekara miliyan ɗari uku. Wa yaƙ ƙidaya, Dakta?

Daktan Kifi: Ƙiyasi ne Baba, daga ƙasusuwan da suka zama dutse da kuma yawan bambancin haruffa tsakanin zuri'o'i. Shi ya sa wani zai rubuta 320, wani 350.

Baba Liman: To a riƙa cewa ƙiyasi. Allah shi ne masani.

Maman Husna: Ni duk wannan ya yi mini daɗi, amma bari in kawo kukana, don ina jin yana da alaƙa. Bara na sayi 'ya'yan karfasa a wani wuri da ba zan ambata ba, aka rantse mini duk maza ne. Wata huɗu ban cika ba sai ga tafki ya cika da 'ya'ya kamar an zuba gero. Abinci na ƙarewa, kifi ba ya girma, na kwashe su da ƙyar kuɗin abinci ya fito. Da tarwaɗa ban taɓa ganin haka ba. Shin babu wata ƙwayar gado da za a duba a san namiji tun yana ƙarami?

Daktan Kifi: Allah ya mayar da alheri, Hajiya. Kin kawo mu wurin da wannan ilimi ke taɓa aljihu. A mutum da saniya da akuya, ƙwaya ɗaya ce ke yanke hukuncin namiji, ana kiranta SRY, kuma ta daɗe tana wannan aiki. Kifi kuwa kowane gida da nasa sarki. A wani ɗan kifin gonakin shinkafa na Japan, medaka, an gano tasu a 2002, kwafin wata tsohuwar ƙwaya ce, kuma ko a cikin danginsa na kusa ba kowa ke da ita ba. A dangin kifin salmon, masu bincike a Faransa sun gano tasu a 2012, ita kuma daga ƙwayar garkuwar jiki ta samo asali, abin da babu wanda ya zata. A karfasar Nilu, wadda ake kiwo, an nuna a 2015 cewa wata kwafin ƙwaya mai suna amhy ce ke kan kuromosom ɗin namiji, wato ƙunshin ƙwayoyin gadon da ake kira Y. Da aka lalata ta a ɗakin gwaji, kifin da ya kamata ya zama namiji ya zama mace.

Maman Husna: To ai shi ke nan, sai a riƙa gwadawa kafin a sayar mana.

Daktan Kifi: Da sauƙi haka da an huta. Na farko, abin da muke kira karfasa ba nau'i ɗaya ba ne, a gulbin Rima kaɗai akwai fiye da ɗaya. Akwai wata 'yar'uwarta, shuɗiyar karfasa, da tsarinta ya juye, mace ce ke ɗauke da kuromosom ɗin da ke yanke hukunci. Ko a cikin ta Nilu, ba kowane iri ne ke bin amhy ba. In irin da ke hannun mai ƙyanƙyasa gauraye ne, gwajin zai iya yin ƙarya. Na biyu, babu mai gwada 'ya'yan kifi dubu goma ɗaya bayan ɗaya. Inda gwajin ke da amfani shi ne wajen zaɓen iyaye: a samar da namiji mai YY, wato mai kuromosom ɗin namiji biyu, wanda 'ya'yansa kusan duk maza ne. Yawancin masu cewa duk maza, sinadarin namiji suke sa wa a abincin 'ya'yan a makonnin farko. In an makara farawa, ko abincin bai isa kowa ba, mata za su tsira, kuma mata kaɗan sun isa su cika miki tafki, tunda uwa a baki take goyon ƙwai, ba mai cinye su.

Mai Tafkin Kware: Ni na ji an ce zafi ma na mai da su maza. In haka ne mu a Sakkwato ai mun huta, watan Afrilu kawai za mu jira.

Daktan Kifi: Akwai gaskiya a ciki. An gwada, in aka riƙe 'ya'yan karfasar Nilu a ruwa mai zafin wajen digiri 36 a kwanakin farko, mazan kan yi yawa, har masu kuromosom ɗin mata su tashi maza. Amma ba kowane iri ke amsawa daidai ba, kuma ruwan zafi ba ya riƙe iska sosai. Tarwaɗa za ta hau sama ta shaƙa, don tana da gaɓar shaƙar iska a bayan kai. Karfasa ba ta da ita. Kada ka je ka dafa jarinka ka ce ni na sa ka.

Ɗalibar Aji Huɗu: Malam na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ashe har rasa ƙwaya ma ana lissafawa? Na ga ana ambaton kifi mai farin jini.

Daktan Kifi: Ki sa shi a gefe guda, don rashi ne ba samu ba, amma yana cikin abin da ke bambanta zuri'a. Kifayen ƙanƙara ne na Antaktika, nau'i 16, ba su da himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iska a jini ya sa shi ja, don haka jininsu fari. Johan Ruud ɗan Norway ya bayyana su a 1954. Suna rayuwa ne don ruwan sanyi na riƙe iska da yawa, ga babbar zuciya da jini mai yawa. Kod ma da aka karanta kundinsa a 2011 an tarar babu wani babban reshe na garkuwar jiki da mu muke da shi, MHC na biyu, kuma yana nan yana rayuwarsa. Amma minti nawa aka ba ki?

Ɗalibar Aji Huɗu: Goma sha biyar.

Daktan Kifi: To ba za ki iya kwashe duka ba. Ki riƙe kifayen furotin ɗin hana daskarewa biyun, na Antaktika da kod, da karfasa, ki ba ƙorafin Injiniya minti uku cur.

Injiniya Mabera: Kuma in kin sa hoton sakamakon manhaja, ki rubuta ranar da kika yi binciken. Ma'ajiyar kullum ƙaruwa take.

Ɗan Sarkawa: Ƙanwata, in kina so in kawo maki gaiwa cikin ƙasatta ki nuna ma 'yan ajinku. Akwai wurin da nis sani bayan gada, ruwa ya janye tun watan jiya.

Ɗalibar Aji Huɗu: Wayyo Yaya, da ka gama mini komai! Ba za ta mutu a hanya ba?

Daktan Kifi: Ba za ta mutu ba in an yanko ta da ƙasarta dunƙule guda, ba a fasa kwanson ba, ba a toshe kafar numfashin ba. A sa a kwali, a ajiye a inuwa. Kada wani ya ji tausayinta ya zuba mata ruwa kafin ranar, farkawa za ta yi. Kuma ku kiyayi bakinta, tana cizo.

Ɗan Sarkawa: Wanga ni za a gaya ma? Ga tabo nan ga yatsana. Ranar mi ta?

Ɗalibar Aji Huɗu: Laraba, ƙarfe goma na safe.

Ɗan Sarkawa: To Talata da la'asar in sha Allahu ina aiko yaro da ita bakin ƙohwar jami'a. Ki zo da kwalinki.